Kabiretar Nanpon

Sati na biyu ke nan babur ɗin Ridwanu yana jingine a garejin Kambai a Agege, ciki a buɗe kamar ragon da aka feɗe. Kabireta ce ta mutu. Ya taka kasuwar Mushin rumfa-rumfa da tsohuwar a leda, kowa ya jujjuya ta sai ya ce kaya ba su fito daga tashar jirgin ruwa ba. Ga Barau, mahaucin da yake yi wa dakon nama daga mayankar Oko-Oba, ya riga ya yanke masa magana: "Nama ba ya jiran bakanike. In Asabar ta yi ban gan ka ba, na ba wani."

"Akwai guda," in ji Kambai. "Mashin irin naka, a gidan Maman Christy. Amma ba ruwana, da na tambaya da tsintsiya ta raka ni."

Babur ɗin na mijinta ne, Nanpon. Ranar da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja ya fita a ƙafa, har yau shiru.

Ridwanu ya tarar da ita tana goge tankin da tsumma, a hankali, kamar mai shafa goshin majinyaci. Duk maganar da ya shirya ta watse, da ƙyar ya tambaye ta ko za ta sayar masa da kabiretar mashin ɗin.

"Sayarwa?" ta ce. "Kayan mamaci ake sayarwa, ƙanena. Wa ya ce maka ya mutu?"

Kunya ta rufe shi, idonsa ya ciko. "Allah ya huci zuciyarki, Mama." Ya juya.

"Tsaya. Mene ne a ledar?"

Ya nuna mata. Ya gaya mata zancen Barau, da matarsa Asama'u mai tsohon ciki. Ta daɗe tana kallon ƙarfen.

"Aro zan ba ka. Amma Kambai ya ɗaura matacciyar nan a gurbinta. Ba zai shigo ya tarar da rami a mashin ɗinsa ya ce na fid da rai ba."

"Ranar da ya dawo fa?"

"Ka kawo masa abinsa."

"Ko da cinyar saniya a bayana, Mama, zan juyo."

Da la'asar Kambai ya zo da sifanarsa, yana raɓe-raɓe. Ita ta tara tafin hannu tana karɓar notocin.

"A hankali, Kambai," ta ce. "Ka san ba ya son a taɓa masa kaya."