Awon Zuciyar Ya Kura

Sadiyya, ma'aikaciyar jinya, ta sake yage takardar da na'urar awon zuciya ta fitar, ta duba, ta ja tsaki. Maimakon layin bugun ya fito tsaf, sai ga zane a hargitse kamar tonon kaji. Wane likita ne zai karanta wannan?

Likitan kuwa daga Kazaure yake zuwa wannan ƙaramin asibiti na Babura, kuma ya riga ya ce ana yin azahar zai kama hanya. In takarda ba ta fito da kyau ba, Kano zai tura mai jinyar. Ga Ya Kura kwance, tsohuwa duk ta zabge, wadda ɗauko ta daga Kanya Babba kaɗai sai da ta suma a mota. Sadiyya ta san hanyar Kano ba za ta yi mata kyau ba.

"'Yar nan, injin naku ne ba lafiya ko ni ce?" in ji Ya Kura.

"Injin ne, Iya. Gardama ce da shi."

Ita Sadiyya ta san halin kayanta. Wutar da zuciya ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, abu kaɗan sai ya danne ta. Ta goge fatar tsohuwar da auduga, ta sake liƙa wayoyin, ta warware waɗanda suka harɗe. Ta kashe fanka, ta zare na'urar daga soket ta bar ta a kan batir. Ta fita ta roƙi mai janareta ya kashe shi, ya kashe yana ƙunƙuni. Har wayar salularta ta kai waje ta ajiye. Ta dawo ta danna, abin dai yana nan jiya i yau. Kai, ranta ya ɓaci, har ƙwalla ta taru mata don tausayin matar.

A kan kujera a ƙarshen gadon kuwa, mijin tsohuwar ne zaune, Malam Mele, dattijo mai farin gemu. Tun da aka shigo ya kau da kai yana kallon taga, fuskar nan a ɗaure, ka rantse rakiyar matar maƙwabci ya yi. Sadiyya ta sunkuya za ta duba wayar da ke liƙe a idon sawu, sai ta ga gefen mayafin da aka lulluɓe ƙafafun da shi yana rawa. Ta bi rawar da ido, sai ga hannun rigar Malam ya shige ƙarƙashin mayafin. Allah sarki! Ashe tun ɗazu ƙafar matarsa yake riƙe da ita a ɓoye, hannun nasa kuma na tsufa ne, karkarwa yake yi. Karkarwar nan ce ke hargitsa zanen.

Ta miƙe tana tunani. In ta buɗe baki ta ce ya saki, wallahi kunya sai ta hana dattijon nan sake shiga ɗakin.

"Baba," ta ce tana gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara, "ku taimake ni mana. Ku dawo wajen kanta ku tsaya inda za ta gan ku, ku yi ta yi mata addu'a. Amma ko rigarku kada ta taɓa gadon, injin nan kishi gare shi."

Ya yi gyaran murya, ya zare hannunsa a hankali, ya zagayo. Ya Kura ta ɗaga ido ta dube shi, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Sadiyya ta danna. Takarda ta fito, layi sumul, kowane bugu a gurbinsa.

Da gudu ta kai wa likita, ya riga ya ɗauki makullin mota. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce zuciyar ta gaji, amma magani da hutu a nan za su wadatar, ba sai an je Kano ba.

Da ta dawo da albishir, ta tarar Malam ya koma kujerarsa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon taga. Ya ce alhamdu lillahi. Ya Kura kuwa idonta a lumshe.

"'Yar nan, kin gama da injin?"

"Na gama, Iya."

"To, ki gaya wa mutumin nan ƙafata ta yi sanyi."

Sadiyya ta ja labule, ta tura na'urarta waje.