Waƙar da Ba a Bari Ta Ƙare

Alhaji Ari ya riga ya rungumo lasifikar har ya kai tsakiyar soro lokacin da Turai ta yi kiciɓis da shi, tana ɗauke da kwanon kunun da take kai wa maƙwabcinta Baba Ilu kullum da hantsi.

"Alhaji, ina za a kai kayan mutane?"

"Ajiya zan yi masa. Ba ni hanya."

Daga can cikin gida muryar mai kayan ta taso, siririya, tana karyewa, amma da sauran tsiya a cikinta. "Turai, ke ce? Tare min shi. Ɗan fashi ne mai carbi."

Alhaji Ari ya yi kamar bai ji ba. Shi ne mai faɗa a ji a lungun nan na Yakasai, kuma a faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Ya sauke murya ya ce, "Jiya ai kina nan. Kin ga abin da ya faru."

Tana nan kuwa. Sati uku ke nan da Juma'ar da bama-bamai suka tashi a Kano, gari bai dawo hayyacinsa ba. Tayar mota in ta fashe sai kasuwa ta watse. To jiya da la'asar aka kawo wuta, Baba Ilu ya sa yayarsa Gwaggo Kulu ta ɗora masa faifai, sai ga ƙara ta cika lungu, dum, dum, dum, haɗe da wani ƙugi kamar ana yanka kwano da zarto. Mata suka bar tukwane a murhu. Mai shayi ya kifar da teburinsa. Hajiya Bintu, matar Alhaji Ari, ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Ɗansu ya fita ranar Juma'ar nan, har yau ba shi ba labarinsa.

"In sojojin bakin titi suka ji suka shigo, 'ya'yan wa za su kwasa?" in ji Alhaji Ari. Ya raɓa ta gefenta ya fice da lasifikar.

Turai ta tarar da Baba Ilu a kishingiɗe, ƙafafun nan sun kumbura sumtum, idanu sun yi rawaya. Asibiti sun sallamo shi tun makon jiya, kowa kuma ya san irin wannan sallamar. A gefen gadon ga garmahonsa mai aiki da wuta, wayoyi biyu na reto inda aka zare lasifika. A bango ga kwalin faifan, samari biyar da gashi buzu-buzu da wanduna masu faɗin ƙafa, an rubuta Taurarin Badala. Na tsakiyan mai rungume da jita shi ne wannan da ke kwance. Kiɗan rok suka yi a zamaninsu, faifai ɗaya tak suka buga a Legas, suka watse.

Ta ajiye kunun. Ita dai ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba, shi ya sa ma zaman gidan mijinta na Gusau ya gagare ta bayan rasuwarsa, ta dawo gidan ubanta.

"Baba Ilu, tsakaninka da Allah. Waƙoƙi bakwai ne masu daɗi a faifan nan, muna yara har a gidan biki ana sa su. Me ya sa sai ta takwas ɗin nan da ba kai ba gindi?"

"Bakwai ɗin kwaikwayo ne. Mun ji na Turawa, mun ji na 'yan Legas, muka yi irin nasu da Hausa. Duk yaro mai yatsu biyar zai iya. Ta takwas ce kaɗai tawa."

"Hayaniya ce."

"Minti nawa kika taɓa ji?"

"Wa zai kai biyu?"

"Sha ɗaya ce." Ya yi tari, ya huta. "Mai kamfani ya ce a cire ta, na ce sai dai a cire ni. Abokaina suka yi fushi, a kanta muka rabu. Gidan rediyo ba su taɓa sa ta ba. Shekara talatin da bakwai, duk wanda ya zo kanta sai ya ɗage allura. Mutum ɗaya ce ta taɓa zama har ƙarshe." Ya nuna Gwaggo Kulu da haɓa, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. "Ita kuma kurma ce."

"To me ke cikin ƙarshen?"

"Ba a ba da labarinta. Ji ake yi."

Turai ta yi tsaki. Taurin kan mutumin nan ko a bakin kabari bai ragu ba. Amma da ta ɗago kansa za ta ba shi kunu, sai ta ji ba nauyi, kamar ta ɗaga ƙwarya. Ya kurɓa sau biyu ya kau da kai.

"Ba Makka na roƙa ba, Turai, ba nama na roƙa ba. So nake in ji ta da ƙarfi, har ƙarshe, a gaban masu kunne. Kwanakina ba su da yawa."

Da ta koma gida ta ɗauki taɓarya za ta daka gero, sai ta kama kanta tana sauke ta a hankali, kamar mai satar daka. Haka duk matan lungun suke yi sati uku ke nan. Ba mai daka da ƙarfi, ba mai buga ƙofa, yara ma an hana su buga ƙwallo a jikin bango. Abin ya ƙona mata rai. Su da garinsu, su da turminsu. Ga kuma mutum yana mutuwa an ƙwace masa kayansa kamar yaron da ya yi rashin ji. Ta jingine taɓaryar, ta zuri mayafi.

Gida-gida ta bi, gida goma sha huɗu. Maganarta ɗaya ce ko'ina. "Gobe in an kawo wuta za ku ji ƙara daga gidan Baba Ilu. Ba bindiga ba ce, ba bam ba ne, faifansa ne. Minti sha ɗaya. Mai hawan jini ya toshe kunne." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ta haukace. 'Yardada mai ƙuli-ƙuli ta ce, "Ke da kika fi kowa zagin waƙar?" Turai ta ce, "Har yanzu ina zaginta. Amma sai an sa ta."

Ba ta tsaya nan ba. Ta miƙe har bakin titi inda aka jibge buhunan yashi, ta tsaya nesa kaɗan, ta ɗaga hannaye biyu sama kamar yadda ake sa kowa yi. Wani kofur dogo ya yafito ta, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya dube ta ya dubi abokinsa.

"Mama, kiɗa? Wane irin kiɗa?"

"Mara daɗi."

Kofur ya ƙyalƙyale da dariya har bindigarsa na girgiza. Ya ce sun ji, su dai a gama kafin dokar hana fita.

Gidan da ta bari a ƙarshe shi ne mai wuyar. Ta sami Hajiya Bintu a tsakar gida, zaune a kan tabarma, waya a cinyarta. Wayar nan ba ta barin cinyarta tun ranar da ɗanta ya ɓace. Turai ta durƙusa ta gaishe ta, duk tsiwarta ta zube, ta faɗi abin da ya kawo ta da ƙyar.

Hajiya Bintu ta dubi wayar da ke cinyarta. Sannan ta ce, "In na san mene ne, ba zai firgita ni ba. Abin da ban sani ba shi ke kashe ni." Ta juya wajen ɗakin mijinta. "Alhaji, a ba shi abinsa."

Alhaji Ari ya fito fuska a murtuke. "Turai, in wani abu ya faru, a wuyanki."

"Na ɗauka, Alhaji."

Ita ta ɗora lasifikar a ka, ta ratsa lungu da ita kowa na kallo.

Washegari wuta ba ta zo ba sam. Turai ta wuni tana hararar ƙwan lantarki. Baba Ilu ya ƙi kunu, numfashinsa ya fara yin sama-sama, in ya buɗe ido sai ya dubi ƙwan, ya mayar ya rufe. Ranar ce kaɗai tsoro ya kama ta sosai, kada ta tara wa mutum jama'a ya tafi bai ji ba.

Kwana na biyu, bayan azahar, ƙwan ya kawo haske. Turai ta bar wanki a baho ta ruga. Ta jawo lasifikar zuwa bakin ƙofar ɗaki, ta juya faifan, Baba Ilu ya nuna mata da yatsa inda za ta sauke allura. Kafin ta sauke, mata sun fara shigowa, 'Yardada a gaba, yawancinsu gulma ta kawo su. Maza suka tsaya a soro. Alhaji Ari ma yana nan, ya harɗe hannu.

Ta fara. Wallahi ba daɗi. Jitar nan ta dinga kururuwa kamar akuyar da ƙofa ta matse, ƙarƙashinta kuma dum, dum, dum. Wata mata ta ja 'yarta ta fita. Minti biyu, minti huɗu. Turai ta cije leɓe, hannunta har ƙaiƙayi yake ta ɗage allurar. Ta dubi Baba Ilu, ta ga idanunsa a kanta suke, ba a kan faifan ba.

Wajen minti na shida jitar ta fara ja da baya. Kururuwar ta zama kuka, kukan ya zama nishi, har ya ɓace. Aka bar bugun shi kaɗai, tas, ba abin da ya rufe shi. Ashe ba ganga ba ce. Icce ne a kan icce, da tufa a tsakani. Biyu da ƙarfi, ɗaya a raunane. Biyu da ƙarfi, ɗaya a raunane.

Daga soro aka ji muryar Alhaji Ari. "Wannan ai bugu ne. Hannun Malam Audu ne."

Turai ta riga ta sani, jikinta ya riga kanta ganewa. Malam Audu ubanta ne. Sana'arsa bugun rinanniyar tufa, ya shimfiɗa ta a kan gungume ya dinga dukanta da gudumar icce har ta yi sheƙi. Kafaɗarsa ta hagu ta taɓa gocewa, shi ya sa bugu na uku kullum yake fita a raunane. A soron gidansu yake aikin, nan jikin bangon nan. Da wannan bugun take tashi daga barci tana yarinya. Shekara talatin da rasuwarsa, ko hotonsa babu, don bai yarda da hoto ba.

Bugun ya ci gaba. Ana jin zakara can nesa, ana jin mai tallan fura ta wuce. Ba wanda ya motsa a tsakar gidan. Sai bugun ya tsaya. A cikin faifan wani ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai Ilu, akwatin ɗaukar muryar nan naka bai ƙoshi ba?" Sannan ya ɗaga murya. "Turai. Turai, kawo min ruwa."

Wata 'yar siririyar murya daga nesa ta amsa, "To, Baba."

Allura ta kai ƙarshe, tana ta shuu, shuu.

Turai ta zauna daɓas a ƙasa. Kuka ta yi sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu, ba ta kuma ji kunyar kowa ba. Da ta ɗago sai ta ga Hajiya Bintu a bakin ƙofa, ba ta san lokacin da ta shigo ba, wayar na hannunta, tana kallon lasifikar.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?" Turai ta tambaye shi.

"Na sa miki sau uku. Kina gudu." Bakinsa ya ɗan motsa. "To yaya?"

Ta share fuska da bakin mayafi. "Farkon nan har yanzu hayaniya ce."

"Haka gari yake kafin a ji mutum." Ya lumshe ido. "A cire ta?"

"Wanda ya cire ta sai ya gamu da ni."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya nemi kunu, ya sha cokali huɗu.

Da safiyar Laraba ya cika, Gwaggo Kulu na riƙe da hannunsa. Alhaji Ari ne ya yi masa wanka. Da za a fita da makara sai da aka tsaya a bakin titi, kofur ɗin nan ya matsar da shinge da kansa, ya cire hula. Ranar Turai ta daka geron sadaka da dukkan ƙarfinta, aka ji turminta har ƙarshen lungu, kafin azahar wasu turame biyu suka amsa.

Bayan sadakar uku Gwaggo Kulu ta miƙo mata faifan a naɗe cikin tsohon zane, ta ce da ƙarfi irin na kurame, "Ya ce naki ne."

Turai ta zare shi daga kwali a tsakar gida, ta karkata shi wajen rana. Layukan waƙoƙi bakwai ɗin duk sun koɗe sun yi fari-fari, allura ta cinye su. Na ƙarshen kuwa, mai faɗin nan na kusa da tsakiya, yana nan baƙi wuluk, yana sheƙi kamar tufar da aka sauke daga gungume yanzu.