Turaren da Bai Sauya Ba

Shekara talatin da ɗaya kafinta ya yi yana saƙala karan sigari a bayan kunnen hagu, fensir a na dama. Da likita ya nuna masa hoton huhunsa, sai kunnen hagu ya zama wayam. Hannu dai bai ji likita ba, kullum sai ya je can ya dawo ba komai.

Kwana goma sha biyu da daina shan sigari, da hantsi yana goge katako, sai wani ƙamshi ya taso masa, ƙamshin katako da hancinsa ya yi shekaru bai ji ba. Ya tsaya cak. Shagon ya yi masa nisa, ya ga kansa yana yaro a ƙarƙashin teburin babansa, garin katako na yawo cikin hasken taga kamar ba shi da niyyar sauka.

Sallamar matarsa ce ta dawo da shi. Ta ajiye kwanon abinci za ta juya.

Ya ce, "Tsaya. Yaushe kika sauya turare?"

Ta dube shi, ta gyara mayafi.

"Maigida, irin wanda ka sayo mini ne satin aurenmu. Ban taɓa sauyawa ba."