Inda Manhajar Ta Tsaya

Wata uku Injiniya ta yi tana rubuta manhajar, kuma kowa a ɗakin gwajin ya sha labarinta har ya ƙoshi. Aikin manhajar ɗaya ne. Tana karanta saƙon gado na RNA da ke cikin ƙwayoyin jikin majiyyaci haruffa uku-uku, kowane uku ta ƙara ƙwaya ɗaya a jikin furotin, kamar mai zura duwatsu a zare. In ta ci karo da UAA, UAG ko UGA, umarnin tsayawa ke nan, furotin ya ƙare.

Ranar Talata da hantsi ta saka samfuri mai lamba 58. Sauran ma'aikata lamba da shekaru kawai suke gani, ita kuwa ta san daga jikin wa aka ɗebo shi. Na ɗanta ne, mai shekara huɗu, wanda kwanan nan ba ya iya miƙewa sai ya dafa gwiwoyinsa, har kakarsa tana tsokanarsa da tsoho.

Furotin ɗin da ke riƙe tsoka ya kamata ya haura ƙwaya dubu uku. Manhajar ta kai ɗari bakwai da sha biyu ta tsaya cak.

Ta san abin da guntun furotin ke nufi: keken guragu kafin yaro ya yi wayo sosai, sannan numfashi ya fara gagara. Matar da ko waƙafi ba ta yarda ya zauna a karkace ba, yau ga ta tana roƙon Allah Ya sa ita ce ta yi shirme. Wataƙila ta fara ƙirga daga harafin da ba shi ba. Wataƙila ta yi tuntuɓe wajen shigar da jadawalin haruffan cikin manhajar. Ta buga saƙon a takarda, ta ɗauki fensir tana yanka shi uku-uku, tana dannawa har bakin fensirin ya karye.

Da ta rasa, sai ta kai wa Dattijo, mutumin da ya fi kowa daɗewa a wurin, wanda ba a taɓa nuna masa aiki ya rasa abin kushewa ba.

"Baba, don Allah ka nemo min kuskure a nan."

"Yau kuma? Ke da ba kya bari a taɓa aikinki!"

Awa guda ta yi a tsaye jikin firjin samfura, ba ta ko jin sanyinsa. Da ya fito daga ofishinsa, murmushi yake yi.

"Na bi shi layi-layi, 'yata. Wallahi ko ɗigo ban samu ba. Inda kowa ke da CGA, wannan UGA gare shi. Harafi ɗaya tak, kuma manhajarki ta cafke shi. Kin iya aiki."

Sai ya sake duba takardar, ya ga shekarun majiyyacin, fuskarsa ta canja.

"Allah sarki, ƙaramin yaro ne. Wa zai gaya wa iyayen?"

Da ƙyar ta ce, "Saura uban."