Ƙoƙon da Ya Tsallake Keziah

"Kin aika mata?"

Zilpah na durƙushe gaban murhu tana juya faten masara lokacin da tambayar ta fito daga gado. Ba ta waiwaya ba.

"Hanya ta lalace, Dikin. Ƙanƙara na narkewa, ko doki sai ya nutse har gwiwa."

"Jiya ma haka kika ce."

"To ai jiyan ma haka take."

Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya ce. Da sanyin safiyar nan da idonta ta ga mai niƙa ya wuce da amalanke shaƙe da buhuna, ko tangaɗi bai yi ba. Kwana uku ke nan Dikin Elnathan Sisson yana roƙonta ta aika ƙetaren kogi a kira masa 'yarsa Keziah, kwana uku tana ɗora wa hanya laifi.

Katangar dutse ɗaya ce ta raba gonarta da tasa. Tun da matarsa ta rasu, ita ke tsallakowa ta duba tukunya. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai jinyar ta dawo kanta, don ɗansa Asahel shanu kawai ya iya kula da su. Asahel ɗin kuwa ba ya aikuwa wurin yayarsa, ko sunanta ba ya son ji. Saurayi ne mai taurin kai da ke ganin shi zai gaji kujerar dikin, har ya fara tafiya irin ta dattawa tun gemu bai cika ba.

Shekara talatin da ɗaya Elnathan ya yi yana dikin, wato mai hidimar ibada, a ƙaramar ikilisiyar Baftis ta wannan lungu na Rhode Island. A gidansa ake ajiye ƙoƙon kuza na Jibin Ubangiji, naɗe cikin farin ƙyalle a ƙasan akwati. Lahadin farkon kowane wata shi ke bin benci benci da shi. Ya miƙa wa na bakin layi, wannan ya kurɓa ya miƙa wa na kusa da shi, har ƙoƙon ya dawo hannun Dikin, ya goge bakinsa da ƙyalle, ya wuce gaba. Wanda ikilisiya ta sa a horo kuwa, ƙoƙo tsallake shi yake yi. Dikin da kansa ke karɓa daga hannun na damansa ya ba na hagunsa, kowa na kallo.

Haka ya yi wa Keziah, shekara tara da suka wuce. Kuma bakin Zilpah ne ya jawo.

Keziah ta auri wani maƙeri daga ƙetaren kogi, ɗan ikilisiyar da ke yayyafa wa jarirai ruwan baftisma. A wurin Baftis wannan babban kuskure ne. Mutum sai ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, sannan a nutsar da shi a kogi, ko da sai an fasa ƙanƙara da gatari. Keziah ta yi alkawari ba za a taɓa yayyafa wa ɗanta ba, shi ya sa aka bar ta a teburin Ubangiji. Sai wata rana Zilpah ta ƙetara sayar da zaren ulu, ta dawo ta miƙe a taron ikilisiya ta ce ta ga Keziah ta fito daga majami'ar mutanen can rungume da jariri, gashinsa sharkaf da ruwa.

Abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da ta haɗiye ne ya fi yawa. Ta ga surukar Keziah ta shiga da yaron a ɓoye cikin mayafi. Ta ga Keziah ta biyo da gudu ba ko takalmi, tana kiran sunan ɗanta, ta iso an riga an gama. Zilpah ta ga duk wannan, ta yi gum. Dalili? Ɗan Zilpah ne ya fara neman Keziah, yarinyar ta ce ba ta so, yaron ya yi zuciya ya shiga jirgin ruwa, bai sake dawowa ba. Abin da ke cin Zilpah ke nan, sai ta lulluɓe shi da kishin addini.

Da aka ce Keziah ta kāre kanta, sai ta dubi ubanta kawai. Shi kuma ya dubi ƙasa. Aka ɗaga hannuwa don a sa ta a horo, nasa ne na ƙarshe, amma ya ɗagu. Lahadin da ya biyo ƙoƙo ya tsallake ta. Ta tashi ta fita, ba ta ƙara taka wannan gefen kogin ba. Jaririn bai yi wata biyu ba ya rasu, ba wanda ya je gaisuwa daga nan.

"Zilpah," in ji Dikin. "Bar faten nan. Buɗe akwati ki ɗauko mini ƙoƙo."

"Ƙoƙon ikilisiya? Yau ai Talata ce."

"Na san ranar. Ciwo nake yi, ban haukace ba. Zuba ruwan rijiya a ciki."

Ta kawo, ta tallafo kansa don ya sha. Ya kau da baki.

"Ba nawa ba ne. Ajiye a kan kujerar nan. Kada kowa ya taɓa."

Ta ajiye. Ta tsaya tana kallon ƙoƙon, sai ta ji abin da ta danne shekara tara ya taso mata, ba ya komawa.

"Dikin, hanya lafiyarta ƙalau. Ni ce ban aika ba. Tsoron haɗa ido da ita nake yi."

Ta matso bakin gado, ta ci gaba.

"Ba ita ta kai yaron ba. Surukarta ce ta sace shi. Keziah gudu ta yi don ta hana, ƙafarta har jini take yi. Ina tsaye na gani. Na zo na faɗi rabi na bar rabi."

Ta jira ya tsine mata. Da ma ya yi, da ta ji sauƙi. Tsohon ya daɗe yana kallon masarar da aka rataye a jikin itacen rufi, numfashinsa na ƙara kamar ana jan zarto.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ta gaya wa uwarta tun kafin taro, uwarta ta gaya mini. Na ce a raina, in na miƙe na faɗa, za a ce Dikin ya iya tsallake 'ya'yan mutane, da aka zo kan tasa sai ya samo hujja. Na ce bari abin ya lafa, wata uku, wata huɗu, sai in gyara." Ya yi tari mai tsawo. "Ke kin ɓoye rabi, 'yar'uwa. Ni uba ne, na ɓoye duka. Je ki kira mini ita. Da kanki."

A bakin rumbu ta ci karo da Asahel yana ɗauke da ciyawa. Ya ga tana ɗaura wa goɗiyar uban sirdi.

"Ina zuwa haka, Inna Zilpah?"

"Ƙetare."

"Wadda ikilisiya ta fitar ba za ta shiga gidan nan ba."

"Gidan ubanta ne, kuma yana da sauran numfashi. Ka bari ya mutu tukuna kafin ka fara dikin. Shiga ka zauna da shi, ka bar shanun nan su huta da kai."

Mil bakwai ne. Rana na tsaka ta isa gada, ta wuce ba ko cikas. Kowane taku na goɗiyar sai ya tuna mata cewa tun ranar Asabar hanyar nan haka take.

Ta sami Keziah a bayan maƙera tana shanya wanki, yara biyu na wasa da taɓo kusa da ita. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara tsiro mata a goshi, ga ta ko talatin da biyar ba ta kai ba. Ta dubi Zilpah sama da ƙasa, ta ci gaba da matse riga.

"Yau kuma me kika zo gani, matar Peckham?"

A da Inna take ce mata, yau sai da sunan mijinta ta kira ta. Zilpah ta haɗiye wannan, don ta cancanta.

"Babanki ne. Yana kiranki. Ba na jin zai kai gobe."

Rigar ta tsaya a hannun Keziah.

"Shi ya ce a kira ni? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Yaushe?"

Nan ne Zilpah ta so ta ce yau da safe. Kalmar har ta zo kan harshenta, ga ta da sauƙi, kuma ba mai ƙaryata ta.

"Tun ranar Asabar. Ni na riƙe saƙon."

Keziah ta dube ta tsawon lokaci. Ba ta zage ta ba. Ta jefa rigar cikin kwando, ta leƙa maƙera ta ce wa mijinta ya kula da yara, ta yafa mayafi. Su biyu suka hau goɗiya ɗaya, Keziah a gaba, Zilpah a baya. A hanya Zilpah ta zazzage mata komai, abin da ta gani, abin da ta ɓoye, har da zancen ɗanta. Ta ce ranar Lahadi za ta miƙe a gaban ikilisiya ta faɗa, ko da ita ma ƙoƙo zai tsallake ta.

"Ki faɗa," in ji Keziah, ba tare da ta juyo ba. "Yaron dai yana ƙasa. Ni kaɗai da babansa muka binne shi."

Ta zaburi goɗiyar.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shigo gonar. Tun daga katangar dutse Zilpah ta hango Asahel zaune a bakin ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Shanu na kuka ba a tatse su ba.

Ya miƙe da ya ga yayarsa. Bakinsa ya motsa, taurin kan nan duk ya zube.

"Bai daɗe da cikawa ba," ya ce. "Inuwar rumbu ba ta kai rijiya ba tukuna. Duk motsin da ya ji a waje sai ya ce, ita ce?"

Ya matsa ya ba ta hanya.

Keziah ta shiga. Ta tsaya a kan uban, ta gyara masa gashin da ya manne a goshi, ta ja bargo ta rufe masa ƙafa, kamar mai gudun kada sanyi ya kama shi. Ba ta yi kuka ba. Zilpah ce ke kuka a jikin ƙofa, tana toshe baki da gefen zane, don ta san ba ta da ikon a ji muryarta a ɗakin nan.

Can idon Keziah ya sauka kan kujera.

"Me ƙoƙon ikilisiya yake yi a nan?"

"Naki ne," in ji Asahel daga baya, muryarsa a dushe. "Na so in jiƙa masa leɓe da shi, ya riƙe mini hannu. Ya ce na Keziah ne, an daɗe ana tsallake ta."

Keziah ta ɗauka da hannu biyu, yadda ake ɗauka. Ta sha a hankali. Sannan ta kama gefen rigarta ta goge bakin ƙoƙon, daidai yadda ubanta ke yi. Zilpah ce a kusa da ita, taku biyu tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa zama a bencin ikilisiyar nan ya san inda ƙoƙo ke zuwa daga nan.

Keziah ta dube ta. Zilpah ta sunkuyar da kai, ta ɓoye hannuwanta cikin zane.

Sai Keziah ta wuce ta gabanta, ta ajiye ƙoƙon a bakin taga, ta koma ta zauna gefen gadon ubanta. Hasken yamma ya faɗo cikin ƙoƙon. Da sauran ruwa a ƙasansa, kamar kurɓi ɗaya.