Ƙungiyar Ado ta Goma Sha Takwas

Saudatu ta riƙo hannun mahaifinta suna hawa matattakala, tana ƙirga masa. "Saura biyu, Baba. Ɗaya. Yauwa, ga benci."

Malam Haliru ya zauna, ya gyara baƙin gilashin da likita ya ba shi bayan an cire masa yanar idon dama kwana huɗu da suka wuce. A waje ranar Kuala Lumpur na narka kwalta. A nan kuwa, cikin wani katafaren kanti, tsakanin shagon takalma da wajen sayar da soyayyar kaza, an shimfiɗa filin ƙanƙara fari fat, sanyinsa na tasowa yana ratsa babbar rigar tsohon.

Ya ja numfashi. "Warin nan bai canja ba."

"Wane wari, Baba?"

"Ƙanƙara da roba da gumi."

A can ƙarshen fili wani mutum ya zamo a kan takalma masu kaifi, an naɗe shi da kayan kariya tun daga wuya har ƙafa, fuskarsa cikin kwalkwali mai waya. Ya tsaya gaban 'yar ƙaramar raga, ya bubbuga ƙarafunanta biyu da sandarsa. Ado ke nan, yayanta, golan wasan hokin ƙanƙara mai shekara talatin da tara.

A Manitoba ta ƙasar Kanada aka haife shi, lokacin da Malam Haliru ke karatun digiri na uku a fannin noma. Yana ɗan shekara shida aka tsayar da shi a raga don babu yaron da ya yarda a riƙa jifansa, shi kuwa ya ƙi fitowa. Da iyalin suka tashi komawa Kano yana da sha shida, ya roƙi a bar shi gidan kocinsa shekara ɗaya tak. Shekara ɗayan nan ce ta zama ashirin da uku.

Bai taɓa zama tauraro ba. Ƙananan gasa ya yi ta bi, inda ake tafiyar awa goma sha biyu a bas don a buga wasa gaban mutum ɗari takwas. Ƙungiya goma sha bakwai ya tsare wa raga. Akwai kakar da aka sayar da shi sau biyu kafin ya gama kwance akwati. A Poland ƙungiyarsa ta rushe ana tsakiyar gasa, bayan sati ɗaya sai ga shi a Kazakhstan yana koyon yadda ake cewa "bayanka" da wani sabon yare. A ɗakunan sauya kaya yakan shimfiɗa tawul a lungu ya yi sallarsa, kuma bai taɓa ajiye azumi saboda wasa ba. Sau ɗaya aka kira shi babbar gasa. Ya sa rigar, ya zauna a benci minti sittin cur yana jiran golan farko ya gaji, bai gaji ba. Washegari aka mayar da shi.

Malam Haliru ya so ɗansa ya zama injiniya. Idan aka tambaye shi a masallacin unguwa ina Adamu, sai ya ce, "Yana waje," ya kawo wata maganar. Gaisuwarsu ta sallah a waya ba ta wuce minti biyu.

Shekara biyu ke nan da Ado ya biyo ƙanwarsa nan, inda mijinta ke koyarwa a jami'a. Da safe yana koya wa yara tsayuwa a kan ƙanƙara, ranar Lahadi kuma ya tsare raga ga wata ƙungiya ta matuƙan jirgi da malaman makaranta da samarin gari. Makon jiya ya zo gidanta a unguwar Wangsa Maju, inda mahaifinsu ya sauka da ya zo daga Kano don aikin ido, ya same ta a kicin, ya ce likita ya duba gwiwarsa ta hagu, guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi.

"Wasan Lahadi shi ne na ƙarshe," ya ce da Hausarsa mai nauyin harshe. "Kada ki gaya wa Baba. Ki dai ce akwai wasa, in ya ga dama."

Ta faɗa, tsohon ya yi kamar bai ji ba. Sai yau bayan azahar ya ɗauki hularsa ya ce ta kira mota.

Aka busa usur. Saudatu ba ta san kan wasan ba. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba ce, wani baƙin faifan roba ne mai tauri da bai kai tafin hannu ba, yana gudu ido ba ya kama shi. Ta ga ya kamata ta zama idon mahaifinta.

"Masu jar riga sun taho, Baba. Sun buga... kamar ya shiga."

"Bai shiga ba. Ƙarfe ya daka, ba ki ji ƙarar ba?" Ya karkata kai. "Wannan kuma da ƙafa ya tare."

Ta juyo ta dube shi. Ya sunkuyo gaba, hannayensa bisa gwiwa.

"Ni nake kai shi atisaye da asuba," ya ce, bai dube ta ba. "Shekara goma. Ke ba ki yi wayo ba."

Masu jar riga yara ne, rabinsu Ado ya haife su, kuma sun fi ƙungiyarsa nesa ba kusa ba. Suka mayar da wasan gaba ɗaya bakin ragarsa. Shi kuwa ba ya gaggawa. Sai ya matsa taku ɗaya, kafin faifan ya iso ya same shi tsaye yana jira, kamar an gaya masa hanyar da zai biyo. Ya tare da ƙirji, ya tare da sanda, ɗaya ya dake shi a kwalkwali har aka ji a saman benci, ya girgiza kai ya koma tsayuwarsa. Mutanen da suka zo sayayya suka fara tsayawa a jikin gilashi da ledojinsu. Saudatu kaɗai ke lura da yadda kowane tashi daga ƙasa yake ɗaukarsa lokaci fiye da na baya.

Ana saura minti huɗu, an ci su Ado biyu sun rama ɗaya, wani yaro ya kuɓuce shi kaɗai. Ya yi kamar zai buga dama, ya ɗaga faifan sama ta hagu. Ado ya riga ya durƙushe, amma hannunsa ya tashi ya cafke faifan a iska. Wurin ya ɗauki tafi.

"Ya kama?" Malam Haliru ya tambaya, a karo na farko.

"Ya kama, Baba."

A haka aka tashi, biyu da ɗaya. Allo ya nuna an buga masa sau arba'in da tara. Ƙungiyoyin biyu suka jeru suna buga sandunansu a kan ƙanƙara, Ado ya ratsa tsakaninsu kansa a sunkuye.

Bayan rabin awa ya hauro da ƙatuwar jakarsa, yana ƙoƙarin ɓoye ɗingishi. Ya ajiye ta, ya durƙusa gaban mahaifinsa har ƙasa. Saudatu ta ga yadda ya cije leɓe.

"Barka da yamma, Baba. Yaya idon?"

"Da sauƙi. Ta biyun nan laifinka ce, Adamu. Ka yi saurin faɗuwa."

"Haka ne, Baba."

"Tun kana ɗan shekara goma kake wannan." Tsohon ya lalubo kafaɗar ɗansa, ya bar hannun a nan. "Sauran kuma ban ga wanda zai tare su ba in ba kai ba. Ashe haka ka zama."

Ado bai ɗago ba.

"Sai dai da ido ɗaya na kalla, shi ma dishi-dishi. Alhamis za a yi ɗayan. Akwai wasa Lahadi mai zuwa?"

Saudatu ta buɗe baki. Ado ya ɗago ya dube ta, ta rufe.

Ya dafa benci ya miƙe a hankali, ya leƙa ƙasa inda kyaftin ɗinsu, wani ɗan ƙasar mai suna Hafiz, ke ɗaure jaka.

"Hafiz! Next Sunday, boleh?" Da Turanci haɗe da yaren ƙasar yake tambaya ko zai yiwu ya buga Lahadi mai zuwa.

Hafiz ya tsaya yana kallonsa, ya kalli gwiwar, sannan ya kalli tsohon mai babbar riga. "Boleh lah," ya ce, wato zai yiwu.

Ado ya juyo. "Akwai, Baba. Ƙarfe uku."