Sa Mai Ciwon Kafaɗa

Alhaji Yazid ya juya san itacen a hannunsa, ya duba ƙaho, ya duba tozo, sannan ya dire shi a ƙasa kamar wanda aka miƙa wa fura babu nono.

"Sa ne kam, Kailu," in ji shi. "Amma wanga ba san kowa ba ne."

Na uku ke nan da ya ƙi. Alhaji shi ne shugaban masu shanu na Filinge, shi zai kai kayan garin baje-kolin kiwo a Yamai, yana son san itace a cikinsu, mota kuwa gobe da safe za ta tashi. Ya ce zai sake leƙowa bayan la'asar, amma daga jin muryarsa kara ce kawai ya yi.

Kailu ya gaji sassaƙa, sai dai ta turmi da taɓarya da akushi. Shekara biyu da ya yi a Yamai wurin masu sassaƙa wa baƙi dabbobi su suka sauya masa ra'ayi. Can ya koyo aiki da hoto da ma'auni. Ƙahon dama ba ya fin na hagu ko da ƙwayar gero, ƙafafu huɗu cif, kai ka ce soja a fareti. Shekara shida yana jera irin waɗannan shanu a rumfarsa, mutane su yaba santsinsu, su sayi taɓarya su wuce. Matarsa Samiratu ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Shi da bakinsa ya yi mata alkawari, in wannan karon bai karɓu ba ya bar sassaƙar dabba har abada.

Gidan ya yi masa zafi, ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, ƙafa ta kai shi rijiyar bayan gari. Rijiyoyin ƙasarsu ta Kurfai ba su san wasa ba, sai sa ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya leƙo. Wani jan sa ne ke ja, ya miƙe wuya, ya kafe ƙafa cikin rairayi, yana huci.

Nan take Bage ya faɗo masa a rai, san mahaifinsa. Shekara tara Bage ya shayar da gidansu da garkensu, har igiya ta ci masa kafaɗar hagu, yana ja a karkace. Shekarar da gero ya ƙi, Kailu ne aka sa ya kora shi kasuwar Baleyara. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma kuka ya yi tun daga can har gida. Yau ma sai da ya goge ido da hannun riga, yana waige kada a gan shi, ƙato da gemu.

Da ya koma, ya wuce itatuwan da ya tanada masu kyau, ya jawo wani karkataccen guntun ƙirya da Samiratu ta riga ta sa wa ido don murhu. Ya ɗauki gizago. Sau biyu hannunsa yana kaiwa ga ma'auni, sau biyu yana janyewa. Inda itacen ya lanƙwashe ya bi shi, inda ya yi kulli ya bar shi ya zama kafaɗa. Tsoro bai sake shi ba, amma hannun bai tsaya neman shawararsa ba. Samiratu ta kawo tuwo, ta dubi aikin, ta ajiye kwanon a hankali ta koma.

Alhaji ya iso rana ta yi sanyi. San bai sha ko goga ba, sawun gizago duk a jikinsa, ƙafafun baya ma ba su gama fita daga itacen ba. Alhaji ya tsuguna, abin da bai yi wa ukun farko ba. Ya bi wuyan da babban yatsa har ya tsaya a kan kullin.

"Wane marar imani ne ya bar shi shina jan guga da kafaɗa haka?"

Kailu ya ce babansa ne, Allah ya jiƙansa, ba su da wani san.

Alhaji ya janye yatsansa daga kan kullin. Can ya ce to, a fidda ƙafafun bayan, a goge shi ya yi sheƙi kafin safiya. Kailu ya dubi san. Ƙafafun da suka nutse cikin itace su ne ƙafafun da ya gani cikin rairayi, ya san in ya taɓa su ya ɓata. Bai taɓa musa wa mai saye ba sai yau.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ya ƙare haka."

Alhaji ya dube shi, ya dubi san, ya daɗe. Sannan ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce wa Samiratu ta samo tsohon zane a naɗe shi. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"In kun kawo shi tasha, ku gaya ma direba kada shi ɗaure shi bisa mota. Ni zan riƙe shi. Kafaɗar nan ta sha igiya, ta isa."